Rumbun Ogotemmeli: ƙaramar duniya da babbar duniya a littafin Dieu d'eau

A shekarar 1948 aka buga a birnin Paris wani littafi mai suna Dieu d'eau, wato Ubangijin Ruwa, na Marcel Griaule, Bafaranshen da ya fara riƙe kujerar ilimin al'adun al'umma a jami'ar Sorbonne. Littafin ya ƙunshi hirar kwana 33 da marubucin ya yi da wani tsohon maharbi makaho, Ogotemmeli, a Ogol ta Ƙasa cikin yankin Sanga, kan duwatsun Bandiyagara na ƙasar Mali ta yanzu. An soma hirar a watan Oktoba na 1946, tsohon kuma ya rasu a 1947, bai riski fitowar littafin ba. Tun daga lokacin, da wuya a yi zancen tunanin Baƙar Fata a ajin falsafa ko a taron raya al'adu ba a ambaci Dogon da rumbunsu ba. Littafin da ya samu irin wannan matsayi ya cancanci a sake buɗe shi a natse, a auna abin da ya kawo da abin da ya ɗora wa mutanen da ya yi magana a kansu.

Ginshiƙin littafin ra'ayi ɗaya ne: ƙaramin abu hoton babba ne. Jikin mutum, ɗakin kwanansa, rumbunsa, garinsa da sararin samaniya duk an shata su bisa zane guda, wanda ya iya karanta ɗaya ya iya karanta sauran.

Tsohon ra'ayi

Wannan ra'ayi ya girmi Griaule da ƙarnuka masu yawa. Girkawa ne suka ba shi sunan da Turawa ke amfani da shi, mikros kosmos, ƙaramar duniya. Aflatun, a littafinsa Timayos, ya siffanta duniya da wata halitta mai rai da ruhi, ya kuma ce an kewaye kan mutum ne don ya kwaikwayi siffar sama. A ƙarni na 10, a birnin Basra, wasu malamai da suka ɓoye sunayensu ƙarƙashin laƙabin Ikhwanus Safa sun rubuta risaloli fiye da 50, suka keɓe ɗaya ga batun mutum a matsayin ƙaramar duniya, wata kuma ga duniya a matsayin babban mutum. A wurinsu ƙasusuwa duwatsu ne, jijiyoyi ƙoramu, gashi tsirrai, numfashi iska, hawaye ruwan sama, ƙofofin jiki 12 kuma suna daidai da buruji 12. Imamu Gazali ya ɗauki wani reshe na wannan kwatanci inda ya mai da jiki birni, zuciya sarkinsa, gaɓoɓi rundunarsa, kuma ta wannan hanya ra'ayin ya iso zaurukan karatu na ƙasar Hausa tun kafin zuwan Nasara. A Turai, likita Paracelse ya gina maganinsa a kai cikin ƙarni na 16, daga baya binciken kimiyya ya ture shi daga fagen bayanin cuta da taurari, ya bar shi ga mawaƙa da masu wa'azi.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan tarihi a zuci. Griaule mutum ne da ya yi karatun da ya san Girka da abin da ta gadar wa Turai, kuma tun a gabatarwar littafin ya bayyana burinsa: ya nuna cewa Dogon na da tsarin tunani da zai iya zama kafaɗa da kafaɗa da na mutanen dauri. Wanda ya fita da irin wannan buri, ya san kamannin abin da yake nema tun bai gan shi ba.

Rumbun da ya sauko daga sama

Mafi kyawun shafukan littafin su ne na rumbun farko. Bisa ga abin da aka rubuta daga bakin Ogotemmeli, ɗaya daga cikin kakannin mutane takwas ya gina shi a sama bisa siffar kwando, gindinsa a kewaye, rufinsa mai kusurwa huɗu, tsayinsa kamu 10. Kewayen gindin rana ce, rufin sama ne, da'irar da ke tsakiyar rufin wata ne. Matakala huɗu ke jingine da shi, kowace da tsani 10, kowace tana fuskantar shiyya ɗaya. Ta arewa tana ɗauke da mutane da kifaye, tauraronta Kaza da Ƴaƴanta. Ta gabas ta tsuntsaye ce, tauraronta Gamzaki. Ta kudu ta dabbobin gida ce, ta yamma kuma ta namun daji da itatuwa da ƙwari.

Cikin rumbun an raba shi gida takwas, huɗu a ƙasa, huɗu a bisa. Kowane gida da irin da aka ajiye a cikinsa: nau'o'in hatsi huɗu, wake, yakuwa, shinkafa da acca. Gidajen takwas kuma su ne kayan ciki takwas, su tumbi, zuciya, hanta, saifa, hanji da matsarmama. Tukunyar da ke tsakiya mahaifa ce, rumbun gaba ɗayansa mace ce kwance rigingine. Sai kakan maƙera ya sato wuta daga sama, ya hau rumbun ya gangaro da shi ta kan bakan gizo. Da ya faɗo ƙasa, nauyin guduma da uwar maƙera ya karya masa hannuwa da ƙafafu, nan ɗan Adam ya samu gwiwa da gwiwar hannu, wato gaɓoɓin da ake noma da ƙira da su.

Daga rumbu zanen ya bazu. Gari mutum ne kwance, kansa a arewa inda maƙera da rumfar dattawa suke, ƙirjinsa gidajen iyali, hannuwansa ɗakunan da mata ke keɓewa lokacin al'ada, ƙafafunsa wuraren tsafi na kudu. Gida ma haka: zaure maigida ne, babban ɗaki uwargida, ɗakunan ajiya na gefe hannuwanta. Saƙa magana ce, bakin mutum masaƙa, haƙora matsefi, harshe ƙoshiya. Gonar da aka yanka fage-fage bargon mamaci ce mai gida-gida baƙi da fari.

Inda littafin ya yi ƙarfi

Ba a raina wannan gini. Wanda ya taɓa leƙa cikin rumbu ya ga duhunsa, ya ji ɗumin hatsi, ya san abin da ya sa aka kira shi ciki, ya kuma san cewa a Sahel rayuwar gida tana tsaye ne kan abin da ke cikinsa. Labarin karyewar gaɓoɓin maƙeri shi kaɗai ya isa darasi: ya ce jikin mutum ya samu siffarsa daga aiki, kayan aikin ne suka lanƙwasa shi. Falsafa ce da aka faɗa da kayan da manomi ke taɓawa kullum, ba ta bukaci kalma ɗaya da yaron gida bai sani ba.

Griaule marubuci ne kuma. Ya tsara littafin kwana-kwana kamar labari, ya sa kansa a ciki yana kiran kansa Bature ko Nasara, ya zana tsohon zaune bakin ƙofarsa, hannuwa bisa kai, kaji na kai da kawowa, ana sassauta murya idan mata sun gitta. A zamanin da littattafan Turai ke cewa tunanin Baƙar Fata bai san tsari ba, sai ga Farfesan Sorbonne zaune a ƙasa yana ɗaukar karatu wurin makaho. Wannan hoto ya yi wa ƴan bokon Afirka na shekarun neman ƴancin kai amfani ƙwarai, kuma shi ya sa suka rungumi littafin.

Akwai wani wuri da ya fi kowane daraja. Griaule ya yi lissafi, ya ga kowane tsani kamu ɗaya ne kacal, sai ya tambayi tsohon yadda manyan dabbobi masu yawa za su samu wurin tsayawa a kai. Amsar Ogotemmeli, a taƙaice, ita ce abin da ke kan tsanin alamu ne, alama kuwa ba ta cin wuri. Makahon ya san misali yake bugawa. Mai tambayar ne ya zo da ma'auni. Duk wanda zai koyar da littafin, daga wannan shafi ya kamata ya fara, domin a nan aka ga hankalin mutum ɗaya yana aiki, yana kare maganarsa, yana bambanta siffa da abin da aka siffanta.

Inda shakka ta shigo

Matsala ta farko tana cikin ginin littafin kansa. Babu maganar Ogotemmeli da harshen Dogon a ciki. Ta bi ta bakin tafinta, ta shiga takardun Griaule, ta fito da Faransanci mai ado. Malamin harshe ya san abin da ke zubewa a irin wannan tafiya, ya san kuma abin da ke ƙaruwa. Mai karatu ba shi da hanyar gane inda tsohon ya tsaya da inda Farfesa ya ɗora. A kwanakin ƙarshe ma Griaule ya fito fili yana ƙoƙarin daidaita abin da ya ji da buruji 12 na mutanen Bahar Rum, abin da ke nuna inda zuciyarsa ta karkata tun farko.

Ta biyu ita ce sauyin labarin. Griaule ya rasu a 1956. A 1965 abokiyar aikinsa Germaine Dieterlen ta fitar da Le Renard pâle, wanda aka gina kan bayanan wasu dattawa dabam. A can farkon halitta ya koma ƙwan duniya da ƙwayar acca, mafi ƙanƙantar iri, wadda aka ce duniya duka tana naɗe a cikinta. Dilan da ke cikin littafin farko ya zama yanyawa. Tauraron Sirius, wanda bai da wani matsayi a zancen Ogotemmeli, ya hau gaba. An bayyana bambancin da cewa ilimin hawa-hawa ne, ana buɗe shi sannu a hankali ga wanda ya cancanta. Wannan amsa tana da daɗin ji, sai dai ta rufe ƙofar bincike: duk Badogonen da ya ce bai san zancen ba, sai a ce bai kai matsayin sani ba.

Ta uku ta zo a 1991, lokacin da Walter van Beek, ɗan ƙasar Holan da ya yi shekaru yana bincike a garin Tireli, ya buga sakamakon aikinsa a mujallar Current Anthropology. Ya ce ya nemi wannan babban tsari wurin dattawa, har da wasu da suka yi aiki da Griaule, bai same shi ba. Addinin da ya tarar ya fi karkata ga layya, kakanni, rufe fuska da jana'iza, ba ga dogon labarin farkon halitta ba. A ganinsa tsarin ya tsiro ne a tsakanin mai tambaya mai naci, wanda ke da ƙarfin mulkin mallaka a bayansa, da masu amsa masu ladabi da basira, waɗanda ba su son baƙo ya tashi hannu wofi. Geneviève Calame-Griaule, ɗiyar marubucin kuma masaniyar harshen Dogon, ta mai da martani mai zafi a wannan shekara. Gardamar ba ta mutu ba, amma bayan 1991 ba mai iya karanta littafin kamar rahoton abin da kowane Badogone ya yi imani da shi.

Hausawa na cewa baƙo makahon gari ne. A Ogol an samu makaho biyu, ɗaya bindiga ta fashe ta ɗauke masa ido, ɗaya baƙunci ya rufe masa nasa, suka haɗu suka gina rumbu mai kyan gaske. Laifin littafin shi ne ya ɗauki ginin mutum biyu ya rubuta sunan al'umma a ƙofarsa. Irin wannan ne Paulin Hountondji, masanin falsafa na ƙasar Benin, ya soka a shekarun 1970: a ɗauki tunanin mutum mai suna a mai da shi muryar ƙabila, kamar Baƙar Fata ba su saɓa wa juna. Girmama Ogotemmeli na gaskiya shi ne a karanta shi kamar yadda ake karanta Aflatun, mutum ɗaya mai ra'ayinsa, wanda maƙwabcinsa na iya ƙaryata shi.

Bakin rumbu da cikin gida

Zancen bai yi nisa da ƙasar Hausa ba. Fulani na kiran Dogon Haaɓe, sunan da suka kira Hausawa da shi, kuma da shi Turawan farko suka rubuta su. Jean Rouch, wanda ya ɗauki hotunan bikin Sigi na Dogon tare da Dieterlen daga 1967 zuwa 1973, a Nijar ya yi mafi yawan aikinsa, ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai. Guy Nicolas kuma, a wata maƙala ta 1966 da babban littafinsa na 1975, ya bi sawun yadda Anna na kwarin Maraɗi ke shata gona da gida da gari bisa shiyyoyi huɗu, gabas, yamma, arewa da gusum, da yadda uku ke tafiya da namiji, huɗu da mace, bakwai da haɗuwarsu. Tambayar da aka yi wa Griaule ta hau kan duk aiki irin wannan: nawa ne daga cikin tsarin manomi ke faɗa da bakinsa, nawa ne mai bincike ya haɗa a teburinsa?

Harshen Hausa kansa yana nuna inda tarkon yake. Ana cewa bakin rumbu, cikin rumbu, gindin rumbu. Tulu na da wuya, allura na da hanci, gado na da ƙafa, ɗaki na da kai, rijiya na da ido, gari na da cibiya, gulbi na da baki. Karin magana ya ce duniya mace da ciki ce. Baƙon da ya zo da littafin rubutu da buri irin na Griaule zai iya tattara waɗannan a mako ɗaya ya shelanta cewa Bahaushe na ɗaukar duniya jikin mace, rumbu kuma ƙaramin hotonta. Kowace kalma da ya kawo gaskiya ce, jimillar kuwa nasa ce. Wanda ya ce duniya mace da ciki ce yana nufin ba a san abin da gobe za ta haifa ba, kuma shi ne zai juya ya ce duniya makaranta, ko rawar ƴan mata, ko budurwar wawa, ba tare da ya ji ya saɓa wa kansa ba. Kowane misali da wurin da ake buga shi. Mutum na auna abin da bai sani ba da jikinsa domin shi ne ma'aunin da ya fi kusa, shi ya sa ake awo da kamu da taƙi da gaba. Samun irin wannan kwatanci a Atina da Basra da Sanga da Maraɗi bai nuna wani ɓoyayyen ilimi da suka gada daga tushe ɗaya ba.

Abin da hoton ya bari a waje

Aibin ra'ayin ƙaramar duniya, idan aka mai da shi bayanin al'umma, shi ne ba shi da gurbin tarihi. A cikin rumbun Ogotemmeli kowane abu na da tsaninsa, babu mai hawa, babu mai sauka. Alhali shekarar hirar, 1946, ita ce shekarar da dokar Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Samarin Dogon na tafiya ci-rani, Musulunci da mishan na shiga garuruwansu, albasarsu na zuwa kasuwanni masu nisa, Griaule da kansa ya taimaka aka yi madatsar ruwa kusa da Sanga don nomanta. Kusan duk wannan yana bayan fage a littafin. Hoton mutanen da suka zauna daram cikin jituwa da taurari ya jawo masu yawon buɗe ido, musamman bayan UNESCO ta sa duwatsun Bandiyagara cikin kayan tarihin duniya a 1989, amma bai shirya kowa ga fahimtar kashe-kashen Ogosagu da Sobane Da na 2019 ba. Tsarin da ya ce matsayin kowa an shata shi tun daga sama yana kuma iya zama hujjar hana maƙeri ko mace ko bara motsawa daga inda aka ajiye su.

Duk da haka littafin bai cancanci a jefar ba. Wurinsa a aji yana kusa da adabi da falsafa, nesa kaɗan da rahoton bincike. Malami na iya ba ɗalibai babin rumbu su karanta, ya biyo da taƙaitaccen bayanin sukar van Beek, sa'annan ya aike su gida da tambayoyi uku ga kaka ko maginin rumbu na unguwa: ina bakin rumbu ke fuskanta, don me, wa ke da izinin shiga? Amsoshin za su saɓa. Wani zai ce saboda iskar gabas mai kawo ruwa, wata ta ce haka aka tarar, wani ya kawo dalilin addini. A rubuta kowace amsa da Hausar mai ita, da sunan garinsa da shekarar da ya faɗa, kada a narka su a tukunya ɗaya. Ƙungiyoyin raya al'adu da ke tattara maganar dattawa a Damagaram da Tawa da Maraɗi na da damar da Griaule bai samu ba, tunda suna jin harshen ba tafinta, suna kuma da na'urar ɗaukar murya a aljihu. Idan suka ci karo da wani Ogotemmeli a ƙauye, abin da ya kamace shi shi ne a adana maganarsa yadda ya faɗe ta, a sa sunansa a kai, a kuma tambayi maƙwabcinsa ko ya yarda.